Mota ta daina caji: a gyara altaneta, a sauya ta, ko a sake wayarin?

Ranar da jar fitilar nan mai hoton batir ta kama a dashbod alhali inji na aiki, ko mota ta ƙi tashi da safe karo na uku a mako guda, abin da kowa zai fara gaya maka shi ne altaneta ta mutu. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa laifin wani ake ɗora mata, a ciro ta a saka sabuwa, bayan kwana huɗu a koma gidan jiya. Hanya uku ce a gabanka: a buɗe altanetar a gyara abin da ya lalace a cikinta, a sauya ta ɗungurungum, ko a bar ta inda take a sake wayoyin da ke tsakaninta da batir. Kowace hanya da ciwon da take warkarwa, kuma ɗaya ba ta yin aikin ɗaya. Sabuwar altaneta ba ta gyara ruɓaɓɓiyar waya, sabuwar waya kuma ba ta tayar da dayod ɗin da ya ƙone.

Don a fahimci juna, ga yadda abin yake a taƙaice. A cikin altaneta akwai rota, wadda bel ke juyawa. Ana ba ta 'yar wuta kaɗan, amp 3 zuwa 5, ta hanyar buroshi biyu na kabon da ke goga a kan zobba biyu na jan ƙarfe, sai ta zama maganaɗisu. Juyawarta na haifar da wuta a naɗin waya uku da ke kewaye da ita. Wutar nan mai kai da komo ce, batir ba ya karɓar irinta, don haka dayod shida ke miƙar da ita ta fuskanci hanya ɗaya. Regileta kuma ita ce mai tsaron ƙofa: tana ƙara wa rota wuta ko ta rage, don abin da ke fita ya tsaya kusa da volt 14. Daga waje, waya mai kauri ɗaya ce ke tashi daga notin da aka rubuta wa B+ zuwa batir, sai ƙananan wayoyi ɗaya zuwa uku a soket, sai hanyar dawowa, wadda ke bi ta jikin altaneta, ta jikin inji, ta wayar at, wato mai haɗa inji da batir, zuwa baƙin kan batir. Wannan hanyar dawowar ita aka fi mantawa da ita, domin ba a ganinta a matsayin waya.

Awo kafin sifana

Mita mai auna volt ita ce alƙali a nan, kuma shari'ar ba ta wuce minti goma sha biyar.

Fara da batir, inji a kashe, bayan mota ta huta na wasu sa'o'i. Cikakken batir yana nuna volt 12.6. Idan ka ga 12.2, kusan rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa, a kai shi caja tukuna kafin a ci gaba, domin awon da za ka yi da mataccen batir zai ruɗe ka, kuma tilasta wa altaneta ta cika batirin da ya zube ƙasa warwas yana dafa dayod ɗinta. Idan batirin ya tsaya wajen 10.5 ya ƙi hawa, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya haɗe, magana ta ƙare: ba altaneta ba ce, ba waya ba ce.

Sai ka tayar da inji, ka ɗan taka totur zuwa juyi 2,000 a minti, ka kunna fitilun gaba da fanka da duk abin da ke jan wuta. A kan batir ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.5. Yanzu ka maimaita awon a jikin altanetar kanta, jan tsinke a kan B+, baƙi a kan gangar jikinta. Nan ne hanya ke rabuwa. Idan altaneta na ba da 14.3 amma batir na ganin 13.1, altaneta ta wanke kanta, fiye da volt ɗaya yana ɓacewa a hanya. Don ka san a wace hanyar, ɗora tsinke ɗaya a B+, ɗayan a kan jan kan batir, a kan dalmar kanta ba a kan maƙalar da ta kama ta ba. Abin da mita ta nuna shi ne asarar da ake yi a babbar waya. Volt 0.2 zuwa 0.3 lafiya lau, abin da ya haura 0.5 ciwo ne. Sannan ka auna daga gangar altaneta zuwa baƙin kan batir. A nan bai kamata ya wuce 0.2 ba. Dole a yi wannan awo wuta na gudu. Wanda ya kashe inji ya auna waya da ma'aunin om, wato na turjiyar waya, zai ga sifiri ya ce lafiya, alhali zare ɗaya tal da ya rage a cikin wayar ya isa ya ba shi wannan sifirin, amma ba zai ɗauki amp 70 ba.

Idan kuwa ko a jikin altanetar 12 da 'yan kai kake gani, kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Duba bel: wanda ya saki ko ya yi santsi yana zamewa daidai lokacin da aka ɗora kaya, kuma ba kullum yake ƙara ba. Sannan ka kashe inji, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar batir ta kama? A motoci da yawa, musamman tsofaffi, ta cikin wannan ɗan kwan fitilar ne wutar farko ke bi ta je ta tayar da rota. Kwan ya ƙone, altaneta ba za ta fara caji ba, ko kuma sai an taka totur da ƙarfi sannan ta farka. Na taɓa ganin motar da aka sauya wa altaneta sau biyu saboda an maye kwan dashbod da na LED, wanda ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce. Zare soket ka auna kowace waya: mai alamar IG ta nuna wutar batir idan makulli na kunne, mai alamar S ta nuna ta ko da makulli na aljihunka, mai alamar L ko D+ kuwa, a motar da ke da kwan fitila na gaske, idan ka taɓa ta a jikin inji fitilar ta kama. Duk wadda ta saɓa, fis ko waya ce matsalar.

Akwai awo biyu da ke kama altaneta dumu-dumu. Na farko, juya mita zuwa ɓangaren wuta mai kai da komo ka auna a B+ inji na aiki. Lafiyayyiya ba ta nuna abin kirki. Idan ka ga rabin volt ko fiye, dayod ya tafi. Sai dai wasu ƙananan mitoci marasa inganci suna nuna 28 ko 30 a wannan awo ko da komai lafiya, don haka gwada mitar a kan batirin da ba ya haɗe da komai. Idan ta nuna lamba a can ma, ba ta dace da wannan aikin ba. Na biyu, idan batir na zubewa cikin dare, a auna wutar da mota ke sha tana barci. Abin da bai wuce miliamp 50 ba al'ada ce. Idan ya fi haka nesa, kuma ya faɗi da zarar an cire wayar B+, dayod ne ke barin wuta ta koma baya.

Wani gwaji kuma da ya kamata a binne: cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu. Gado ne daga zamanin dainamo, kafin kamfanin Chrysler ya fara saka altaneta a motarsa Valiant a 1960 sauran su biyo baya. Batir shi ke shanye tsallen wuta. Ka cire shi altaneta na tsakiyar aiki, wutar na iya tsalle zuwa gomman volt na ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ya isa ya ƙona regileta ko ƙwaƙwalwar mota. Ko inji bai mutu ba, gwajin bai gaya maka komai game da yawan cajin ba.

Gyara ko sauyawa

Idan awo ya nuna ciwon a cikin altaneta yake, tambayar ita ce wane ɓangare. Buroshi shi ne ya fi kowa mutuwa, domin dama an yi shi ne ya cinye. Alamarsa caji mai zuwa da tafiya, fitila ta yi ta ƙyaftawa, wani lokaci a ɗan bubbuga jikin altanetar ta dawo. A irin na kamfanonin Bosch da Valeo, buroshi da regileta a haɗe suke, sukurori biyu ko uku ke riƙe da su a baya, a wasu motocin ma ba sai an sauke altanetar ba. A irin na Denso gidan buroshi daban yake, ana sauya shi shi kaɗai. Wannan gyara ne da babu dalilin guje masa. Altanetar asali da aka yi wa sabon buroshi ta fi sabuwar da ba a san wanda ya ƙera ta ba, kuma ina faɗin haka ba tare da shakka ba. Sharaɗi ɗaya: a dubi zobban da buroshin ke gogawa. Idan sun yi kwari mai zurfi, sabon buroshi ba zai daɗe ba sai an sauya su ko an fere su.

Boris, wanda rota ke juyawa a kansa, shi ma gyararre ne. Ƙarar gurnani da ke ƙaruwa da gudun inji, wadda ke ɗaukewa idan an cire bel, ita ce alamarsa. Ana buƙatar abin zaro shi da abin danna sabo, amma ba wani abin tsoro ba ne. A motocin da fulinsu, wato faifan da bel ke hawa, ke da kulocin da ke sakin kansa, musamman masu dizal, fulin kaɗai na iya lalacewa ya riƙa juyawa ba tare da ya ja rota ba, ko ya ƙame ya sa bel rawa. Shi ma ana sauya shi shi kaɗai.

Daga farantin dayod ne lissafi ke fara canzawa. Ana sauya shi, amma a wasu altanetoci ƙafafun naɗin waya a like suke da shi, sai da gwanin hannu, kuma abin da ya ƙona dayod, wato zafi ko haɗa batir a juye, sau da yawa ya taɓa naɗin ma. Idan an buɗe aka ga naɗin ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko rota ta nuna abin da ya fita daga om 2 zuwa 5 tsakanin zobbanta, ko tana haɗe da ƙarfen jikinta, ni dai sauyawa nake ba da shawara. Ana sake naɗi, kuma akwai masu yinsa da kyau, amma kai mai mota ba ka da hanyar sanin kaurin wayar da aka sa ko ingancin rufinta sai ranar da ta ƙone. Ƙa'idar da nake bi: ɓangare ɗaya ya lalace, a gyara, uku sun gaji tare, a sauya.

Wajen sauyawa, kamannin waje yana yaudara. Dubi yawan amp da aka rubuta a jiki, yawan layukan fuli, inda kunnuwan ɗauri suke, da siffar soket da haruffan da ke kansa. Soket biyu na iya shiga juna daram amma wayoyinsu ba aiki ɗaya suke yi ba. Altaneta mai amp fiye da ta asali ba ta cutar da batir, domin kaya ne ke jan abin da suke bukata, ba ita ke tura musu ba. Amma tana iya gasa tsohuwar wayar da aka auna don ƙaramar, kuma wasu masu babbar lamba ba sa ba da abin kirki a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, sai inji ya ɗau gudu. Ga mai yawan tsayawa a cunkoso da fitila da na'urar sanyi a kunne, abin da take bayarwa a silo ya fi lambar da ke kan kwali muhimmanci.

Faci ko sabon wayarin

A nan nake so in daɗe, domin nan aka fi yin aikin da ke dawowa.

Idan asarar a wuri ɗaya take, kamar kan batir da ya yi farin gari, ko notin B+ da ya saki, ko inda wayar at ta kama jikin inji ya yi tsatsa, a kwance a goge har ƙarfe ya yi ƙyalli a ɗaure, shi ke nan. Za ka gane wurin ta hanyar matsar da tsinken mita gaɓa bayan gaɓa har ka ga inda lambar ta yi tsalle. Sau da yawa ma hannu na gaya maka, domin wurin yana ɗumi. Wannan ba ya bukatar sabuwar waya.

Amma ka ɗan yanka rigar wayar kusa da kai ka leƙa. Idan zaren ya yi kore ko baƙi har can ciki, ko rigar ta ƙame tana tsagewa idan an lanƙwasa, ko ka tarar da ƙulli uku na tsofaffin faci a naɗe da tef, to goge kai ba zai yi ba. Ruwan batir da danshi suna bin cikin zare su yi nisa fiye da inda ido ke gani. Kowane faci kuma sabon wurin asara ne, a kan wayar da ke ɗauke da wutar da ta fi ta kowace waya a motar in ban da ta kik. A irin wannan, sabuwar waya guda ɗaya ba yanka daga B+ zuwa batir ita ce magani, tare da sabuwar at daga batir zuwa inji da wata daga inji zuwa jikin mota. Wanda ya sake ja ya bar baƙa ya yi rabin aiki, domin duk amp ɗin da ya tafi ta can, ta nan zai dawo.

Kauri ba a zaɓarsa da ido. Jan ƙarfe yana da lissafinsa: tsawon mita ɗaya mai kaurin murabba'in milimita ɗaya yana da turjiyar om 0.0175. Ɗauki waya mai tsawon mita 2 da amp 100 ke bi. Mai kaurin 6 za ta zubar da kusan volt 0.6, ta mai da wat 58 zafi a cikin rigarta, kamar ka kunna kwan fitilar gaba a cikin wayar. Mai 10 za ta zubar da 0.35, mai 16 ta zubar da 0.22, mai 25 kuwa 0.14 kawai. Don haka ga altaneta mai amp 60 zuwa 80 da batir kusa, 10 zuwa 16 ya isa. Daga amp 100 zuwa sama, 16 shi ne mafi ƙaranci, 25 ya fi kwanciyar hankali. Idan batirin a bayan mota yake, tsawo ya ninka, kauri ma sai ya hau. A yi hattara da wayar da cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Tana da kauri a ido, ba ta da nauyi a hannu, kuma abin da take ɗauka bai kai kashi biyu cikin uku na ta gaske ba. Kankare zare ɗaya da wuƙa. Idan fari ya fito, ajiye ta.

Sabuwar waya dole ta samu mai kare ta. Motoci da yawa sun zo da guntuwar waya ta musamman da aka yi siririya don ta narke idan wuta ta haɗe, wasu kuma da babban fis mai ɗauri da noti. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja sabuwar waya kai tsaye a tsallake wannan. Ka tuna B+ a raye yake dare da rana, ko makulli na ciki ko ba ya ciki. Ranar da wayar ta goge a jikin ƙarfe, ɗaruruwan amp na batir za su bi ta har ta yi ja. Tsakanin biyun ni fis na fi so: kana ganin ya tsinke, kana sauya shi a minti biyu, lambarsa a rubuce take. Guntuwar wayar ta fi haƙuri da tsallen wuta na ɗan lokaci, amma takan mutu a ɓoye, rigarta lafiya cikinta a tsinke, sai ka ja ta ka ji tana miƙewa kamar roba. Fis ɗin ya ɗan ɗara ƙarfin altaneta amma kada ya wuce abin da wayar ke iya ɗauka, kuma a sa shi kusa da batir, domin daga can haɗarin ke tasowa.

A kan kawunan waya kuma, matsewa da abin matsa na gaske ya fi like da dalma. Dalma tana bin zare ta ƙamar da shi, girgizar inji ta karya shi daidai inda taurin ya ƙare. Dukan kai da guduma ba matsewa ba ne. A rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a bi da wayar nesa da bututun hayaƙi da bel, a ɗaure ta, a bar mata ɗan sassauci tsakanin inji da jiki domin inji na motsi.

Waya ɗaya ko waya uku

Mai tsohuwar mota da ta zo da regileta a waje, akwati a jikin bangon da ya raba inji da wurin zama da wayoyi huɗu ko biyar da suka tsufa, yakan so ya rabu da wannan tarkacen ya koma altaneta mai regileta a ciki. Shawara ce mai kyau. Daga nan sai zaɓi ya zo: mai waya ɗaya ko mai uku.

Mai waya ɗaya tana da daɗin ɗaurawa. B+ zuwa batir, an gama. Tana tayar da kanta da ɗan maganaɗisun da ya rage a rota. Amma sauƙin nan da kuɗinsa. Da yawansu ba sa fara caji sai an taka totur inji ya ɗaga sama da silo. Wanda ya tayar da mota ya bar ta tana ɗumi yana iya cin batir bai sani ba. Babu fitilar gargaɗi, don haka bel zai tsinke ba ka da labari sai zafin inji ya sanar da kai. Mafi girma kuma, tana auna wuta a bakinta ne, ba a inda ake bukatarta ba. Ta tsayar da 14.2 a B+, hanya ta cinye 0.6, batir ya samu 13.6, ita kuwa a ganinta ta yi aikinta.

Mai uku ta ƙara ƙananan wayoyi biyu. A shahararrun altanetocin Delco 10SI da 12SI na kamfanin General Motors, waɗanda aka fi yin wannan sauyi da su, ƙafa mai lamba 1 ta fitila ce, mai lamba 2 ta awo. Ta fitila tana tayar da caji tun daga silo kuma tana faɗa maka idan ya tsaya. Ta awo ana kai ta mahaɗar da wutar mota ke rarrabuwa ko kusa da batir, sai regileta ta riƙa gani da idon batir: idan hanya na cin 0.4, sai ta ɗaga nata zuwa 14.6 don can ya samu 14.2. Mutane da yawa suna lanƙwaso wayar awo su ɗaura ta a B+ nan take don gudun jan waya. Zai yi caji, amma sun zubar da rabin amfanin.

Ita ma mai ukun da tarkonta. Idan aka haɗa ƙafar fitila kai tsaye da wutar makulli babu kwan fitila ko dayod a tsakani, altaneta na iya mayar da wuta baya ta ciyar da koyil, ka zare makulli inji ya ƙi mutuwa. Idan wayar awo ta yi tsatsa, regileta za ta ɗauka batir na jin yunwa ta yi ta ɗura masa har 15 da wani abu. Alamarsa warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan batir na ƙafewa, kwan fitila na yawan ƙonewa. Kuma wayar awo tana rufa wa siririyar babbar waya asiri ne kawai, zafin na nan yana cinta. Duk da haka, ga motar da ake hawa kullum, mai fitilu da fanka da rediyo, mai uku ce zaɓina. Mai ɗaya ta dace da tarakta, injin ban ruwa, ko motar da aka tuɓe wa komai, inda batir ke dab da altaneta kuma inji na aiki a gudu ɗaya, da sharaɗin a sa mata mitar volt a gaban direba.

Tunda an zo kan mita: tsofaffin motocin da ke da allurar amp a dashbod suna bi da dukan wutar caji ta cikin bango zuwa bayan allurar sannan ta dawo batir. Da altaneta mai amp 35 ko 40 aka tsara wannan. Ka ɗora mai 100 a kan wannan hanyar, soket ɗin bango ne zai fara narkewa. A tsallake allurar, a kai caji kai tsaye, a maye gurbinta da mitar volt.

Motocin da ba a yi musu wannan

Duk maganar sauya tsari ta tsaya a kan motocin da altaneta ke mulkin kanta. A sababbi da yawa ƙwaƙwalwar mota ce ke ba ta umarni ta siririyar wayar saƙo, kamar tsarin LIN da ya yawaita a motocin Turai, ko tsarin Honda da ke rage caji idan babu kaya a kai. A irinsu ganin 12.6 ko 12.8 mota na tafiya ba ciwo ba ne, ganin kusan 15 lokacin da aka saki totur ma ba ciwo ba ne. Kunna fitilun gaba da fanka. Idan lambar ta hau, tsarin na aiki. A nan babu zancen waya ɗaya ko uku. Altaneta sai irin tata sak, soket sai yadda ya zo, kuma ba a taɓa wayar saƙo da fitilar gwaji ko a jona ta da batir. Babbar waya da ta at kaɗai za ka iya sakewa. Idan akwai ɗan akwati a manne da baƙin kan batir, ma'aunin wuta ne. Duk wata sabuwar at a ɗaura ta a jikin mota bayansa, domin wadda aka ɗaura a kan batir kai tsaye ta zagaye ma'aunin, ƙwaƙwalwa ta rasa lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ko wace hanya ka ɗauka, baƙin kan batir ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, kuma a tuɓe zobe da agogon ƙarfe kafin hannu ya kusanci B+. Idan an gama, kada a rufe bonet sai an sake awon nan uku da fitila da fanka a kunne: 13.8 zuwa 14.5 a kan batir, ƙasa da 0.3 tsakanin B+ da jan kai, ƙasa da 0.2 tsakanin gangar altaneta da baƙin kai. Bayan tafiyar minti ashirin a tsaya a bi kowace mahaɗa da bayan yatsa, a nisanci bel. Wadda ta fi maƙwabtanta zafi, a sake kwance ta.